Na Koya wa Direban da Ya Taka 'Yar Addata Dokokin Hanya a Juye

Gaisuwa gare ku ma'aikatan wannan mujalla, da duk wanda labarin nan zai faɗa hannunsa. Ni dattijo ne yanzu, na daɗe da ajiye alli, amma lokacin da abin nan ya faru saurayi ne ni, sabon fitowa daga kwalejin horon malamai, ina koyar da Turanci a wata firamare a Jimeta. Zamanin Jihar Arewa maso Gabas ne, lokacin da komai na gwamnati sai an jira shi daga Maiduguri. Gidanmu yana cikin garin Yola, amma na kama ɗaki a Demsawo don in yi kusa da aiki. Ina da sabon keke, ina da wando mai kari, kuma a ganina duk faɗin garin babu mai jin Turanci kamata. Bulala ba ta barin hannuna. Iyaye suna yabona da cewa yaran ajina ba sa faɗuwa jarrabawa, ni kuwa wannan yabo ya shiga kaina.

A cikin ajin akwai 'yar Addata, Adda kuwa yayata ce mace da ke aure a unguwar Karewa. A gida Kawu take ce mini, a makaranta kuwa Malam, kuma ita ce ta fi kowa kaifin kai. A littafin karatunmu akwai wani darasi kan tsallaka titi da dokokin hanya, a karanta sannan a amsa tambayoyin da ke ƙasa. Tambaya ta farko ita ce wane ɓangare mai tsallaka titi zai fara dubawa, amsar littafi kuwa dama. To a shekarar ne ƙasa ta sauya hannun tuƙi, motoci suka koma bin dama, wanda ke nufin mai tsallakawa hagu ya kamata ya fara dubawa. Rediyo na ta faɗa, 'yan sanda na ta yawo suna shela, amma sababbin littattafai ba su iso ba. Yarinyar da kanta ta tambaye ni wata rana ko amsar nan ba ta canza ba tunda motoci sun canza hannu. Na daka mata tsawa, na ce ko ta fi Baturen da ya rubuta littafin sani ne, kuma masu duba jarrabawa da littafi suke aiki, ba da rediyo ba. Na sa ajin duka suka riƙa rera amsar kamar waƙa, wanda ya yi kuskure ya sha bulala.

Ba a daɗe ba, wata rana an tashi daga makaranta da azahar, aka rugo aka ce mini mota ta taka ta a babban titin da ke gangarawa bakin kogi. Babbar mota ce shaƙe da buhunan gyaɗa. Direban ya taka birki, amma mota mai kaya ba ta tsayawa inda aka ce ta tsaya. Shi ya ɗauke ta da hannunsa ya kai asibiti. Likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, a ƙarshe aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Da ta farfaɗo ni kaɗai ne a gefen gadon, Adda ta fita alwala. Ta kama hannuna ta ce kada in yi fushi da ita, wallahi ta duba dama kamar yadda yake a littafi, ba ta ga komai ba. Babu wanda ya ji wannan magana sai ni, kuma ban faɗa wa kowa ba. Abin da har yau yake ba ni tsoro game da zuciyar ɗan Adam shi ne, maimakon in tsani kaina, sai duk wutar nan ta juya kan direban. Da shi nake kwana, da shi nake tashi.

A kotu shaidu suka ce yana kan hannunsa, ba gudu yake yi ba, yarinya ce ta faɗo titi. Aka sallame shi. Mijin Adda ya ce ƙaddara ce, ya miƙa masa hannu suka gaisa. Ni ina can baya a zaune, ina kallon mutumin, wani Babarbare dogo mai furfura a gemu, ya ɗaga hannu sama yana hamdala, 'yan uwansa direbobi suna rungumarsa. A nan na rantse a zuciyata sai na ga bayansa. Na san motarsa, na san inda yake cin abinci a tasha, na san masallacin da yake salla. Na yi tunanin lalata masa birki, na yi tunanin sawa a tare shi a hanya, amma matsoraci ne ni, ina gudun kurkuku. Ina nan ina cin zuciya, duk ran da na je Karewa na ga yarinyar tana dogara sanda zuwa bakin randa, ta daina zuwa makaranta don kunya, sai in dawo ina haɗiyar wuta.

Sai Allah ya kawo shi har hannuna. A lokacin ina koyar da ajin manya bayan la'asar, masinjoji da 'yan kasuwa masu son su ɗan iya Turanci. Wata rana na ɗaga kai na gan shi a bakin ƙofa, ya cire takalmi yana sallama. Bai san ni ba, don a kotu mahaifin yarinyar kaɗai ya sani. Ya ce ya ji za a ɗauki direbobin gwamnati, amma sai mutum ya karanta ɗan rubutu na Turanci kan dokokin hanya ya amsa tambayoyi da baki. Ya ce tun da wani tsautsayi ya same shi gabansa ke faɗuwa in ya hau mota mai kaya, yana so ya koma ƙaramar mota, ya riƙa kwana tare da 'ya'yansa. Jin haka sai raina ya ƙara ɓaci. Wato shi hutu yake nema, ita kuwa tana can da dungulmi. Na yi masa murmushi, na ce ajin nan ya yi nisa ba zai iya kamo su ba, ya riƙa zuwa ƙofar ɗakina in koya masa shi kaɗai. Ya durƙusa yana godiya, mutumin da ya kusa haifata.

Ƙarƙashin wani dogon yaro muke zama, in jingina ɗan allo da bango in rubuta masa darasi. Haruffa da furuci na koya masa daidai, don in ya buɗe baki kowa ya fahimci abin da ya faɗa. Ma'ana ce na juya. Kalmar Turanci ta hagu na ce masa dama take nufi, ta dama kuma hagu. Kalmar hani na ce masa ta umarni ce, ta umarni kuma ta hani. Da haka ya haddace da bakinsa cewa direba hagu yake bi, cewa lallai ne ya wuce motar gabansa a kan kwana, cewa in ya iso inda 'yan makaranta ke tsallakawa kada ya rage gudu, shi kuwa a ransa yana zaton kishiyar haka yake faɗa. Sau ɗaya ya ɗan yi turus, ya ce ya taɓa jin wani injiniya yana nuna hannun nan yana kiran wancan sunan. Na ce masa ai Turancin baki daban, na littafi daban. Ya yi dariya ya ce Nasara ba ya rabo da abin mamaki, muka ci gaba. Ba ya zuwa hannu sake, yau goro, gobe rake. Ina karɓa, ina ci, ina kallon yadda yake bin alli da yatsa yana gumi, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗi nake ji irin wanda ban taɓa ji ba.

Ranar gwaji ban je ba, amma labari ya same ni kafin magariba. An ce ya miƙe ya karanta rubutun tiryan-tiryan har masu gwajin suka jinjina kai. Da aka zo tambayoyi sai ya shiga zubo abin da na ɗura masa, da ƙarfin hali, yana murmushi. Da farko sun ɗauka wasa yake yi, suka sake tambaya, ya sake maimaitawa. A cikinsu akwai jami'in duba motoci, wani kuma ya tuna cewa ai wannan ne aka taɓa kaiwa kotu kan taka 'yar makaranta. Nan take aka karɓe lasisinsa, aka ce ba zai sake hawa titi ba sai an sake gwada shi daga farko. Kafin kwana biyu zancen ya cika tasha, yara suna binsa suna kiransa Baturen hagu. Mai motar da yake tuƙawa ya aiko aka karɓi makulli.

Abin da ban zata ba shi ne zai zo wurina. Da hantsi ya zo, ranar da ba makaranta, da ƙunshin bandar kifi a hannu. Ya zauna a ƙasa ya ce ya zo ba ni haƙuri ne, ya kunyata ni bayan duk wahalar da na sha a kansa, kansa ne ya tsufa ba ya riƙe karatu, lallai shi ya rikita abin da na koya masa. Da mai imani ne ni da a nan jikina ya yi sanyi. Amma ni ina ganin ramuwar ba ta cika ba in bai san daga inda ta fito ba. Na tsaya a kansa na faɗa masa ko ni wane ne, na faɗa masa yarinyar da ya taka jinina ce, kuma duk kalmar da na koya masa da gangan na juya ta, na ce yadda ya raba ta da ƙafarta haka na raba shi da sitiyari.  Ya ɗago kai, da irin Hausarsa ya ce, "Malam, yarinyan yana iya tafiya yanzu?" Na ce da sanda. Ya gyaɗa kai, ya ce shi bai yi niyyar abin da ya yi ba, Allah shaida ne, ni kuwa na zauna na shirya nawa, kuma 'ya'yansa da za su kwana da yunwa ba su ne suka tuƙa motar ba. Ya sa takalminsa ya tafi, ya bar kifin a wurin.

A ranar na hau keke zuwa Karewa kamar mai kai albishir. Na zayyana musu komai ina dariya. Adda ta sa gefen zani ta rufe baki, ta ce da Fillanci ba a gidanmu na koyo wannan ba. Yarinyar tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba, ta ce ita ba ta aike ni ba, kuma ga ƙafarta nan yadda take, ba ta tsiro ba. Na fita ina cewa mata ba su san darajar wanda ya tsaya musu ba. Ban saduda ba. Da na ji direban ya koma dako a ɗakunan ajiyar kaya na bakin kogi, sai na riƙa bi ta can da gangan, in same shi ya sunkuya ƙarƙashin buhu, in kaɗa masa ƙararrawar keke in wuce. Bai taɓa ɗago kai ba. Bai koma gwajin ba, don bai sake yarda ya zauna gaban wani malami ba. Aka cire 'ya'yansa daga makaranta suka shiga talla. Da bayansa ya gaza ɗaukar kaya, ya kwashe iyalinsa suka koma Borno, tun kafin a raba jihar.

Nadama ba ta zo mini da wuri ba, kada in yi muku ƙarya. Sai da na yi aure na haifi nawa, na san abin da ake nufi da uba ya shigo gida ba komai a hannu, sannan abin ya fara cina. Wani zuwa da na yi Maiduguri kwas, na shiga tashoshi ina kwatanta shi, har na sami wani tsohon direba da ya gane shi. Ya ce ai ya rasu da daɗewa, ciwon baya ya kwantar da shi, kuma har ya mutu bai sake taɓa mota ba. Na tambayi 'ya'yan, ya ce sun watse, bai san inda suke ba.

Abin da na koya shi ne, mai neman ramuwa da zafi sau da yawa akwai abin da yake gudun ya kalla a cikin kansa, sai ya nemo wani ya ɗora masa. Ina kira ga malamai, abin da kuke zubawa a kan yaro ba ya tsayawa a takardar jarrabawa, yana binsa har kan titi, in littafi ya tsufa ku faɗa masa gaskiya. Ina kuma kira ga duk wanda ke riƙe da wani a zuciya, kada ya rama da amanar da aka ba shi, don wanda ya durƙusa gabanka neman ilimi ya miƙa maka wuyansa ne. 'Yar Addata tana nan da ranta, ta yi jikoki, na nemi gafararta kan nawa laifin ta ce ta yafe tun tana yarinya. Amma hakkin mutumin nan babu mai iya yafe shi sai shi, shi kuwa yana cikin ƙasa. Shekaruna sun ja, na san haɗuwarmu ta kusa, kuma ban san da wane baki zan yi masa sallama ba.