Hoton Loretta Pelkey

Ni ke karɓar takardun masu son fitowa a taron jana'iza cikin fim ɗin da za a ɗauka a garinmu na gaɓar Maine. Tsohon wasan talabijin ne ake sakewa, na mataccen attajiri mai shan jini.

Ta saba'in da uku a layi tsohuwa ce, sanye da baƙar riga mai ƙanshin akwati. Loretta Pelkey, in ji takardarta. Hoton da ta liƙa na wata budurwa ne mai tulin gashi.

"Mama, sai hoton bana. Ƙa'ida ce."

"Haba ɗan nan, ba ga ni a gabanka ba? Muna yara, a guje muke dawowa daga makaranta don kallon wasan nan, ni da ƙanwata. Ko gawar ce ku ba ni, na iya kwanciya."

Saura minti goma a rufe. Tana ninke takardar a hankali. Ban tambayi inda ƙanwar take ba, ina jin na sani.

Wayata mai kyamara tana aljihuna, injin buga hoto yana bayana. Sai na ji bakina ya ce, "Na gaba."