Maigidan da Ya Raba Ni da Turare

Wata bakwai a ciki, kilo ɗaya da 'yan kai, kwana hamsin da biyu a kwalba. Abin da aka miƙo mini ke nan a wani asibiti a Kano: jikana na fari, an naɗe shi da zane uku don ya ɗan yi auki. A ɗaya gefen kuma akwai sana'ata. Shekara ashirin ina haɗa turaren wuta a Gwarzo, ina sarar da shi har Kabo da ƙauyukanta.

Ranar sallama likita ta zaunar da ni. Ta ce, "Hajiya, injin da ya riƙe masa numfashi shi ya cece shi, amma lokacin huhun bai yi ƙwari ba, sai ya bar masa tabo. Zai riƙa samun sauƙi yana girma. Sai dai kada ya shaƙi hayaƙi, har da na turare."

Na ce mata ni 'yar kasuwa ce, sharaɗi sau ɗaya ake faɗa mini.

Haihuwar fari ce, don haka gidana 'yata ta dawo, muka fara ramuwar wankan jegon da zaman asibiti ya hana ta. Murhun ruwan wanka na mayar da shi bayan katanga. Kaskuna da itatuwa da tukunyar suya duk na kwashe su zuwa gidan ƙanena a Unguwar Tudu. Masu saye in suka ce, "A ɗan zuba mana a kasko mu ji," sai in nuna musu hanya. Wasu suka bi, wasu suka koma wajen wata.

Duk da haka yaron bai daina tari ba, kuma tarin nan zaɓen mutum yake yi. A hannun uwarsa lafiya lau. A cinyar mijina, Malam, har barci yake. Ni kuwa da na ɗauke shi na ce, "Maigidana, an tashi lafiya?" sai numfashinsa ya fara sarƙewa, haƙarƙari yana lotsawa.

Malam ya ce, "Angon naki dai bai yi na'am da ke ba. Ashe ni kaɗai ne mai haƙuri."

Na yi dariya, amma abin ya tsaya mini. Wata Laraba leɓensa ya yi duhu a hannuna, muka koma asibiti, ya kwana biyu da robar iska a hanci. Da muka dawo 'yata ta same ni a tsakar gida, kanta a ƙasa.

"Inna, kada ki ga na yi rashin kunya. A gidan nan dai ba a kunna turare. Amma ke fa?"

Sai a lokacin na duba kaina. Kullum da safe ina Unguwar Tudu a kan tukunya, kowane haɗi sai na gwada shi a garwashi, in tara mayafina a kai. Daga can ko zama ba na yi, jariri nake sura. Ni da nake gane turaren algus tun daga zaure, na kasa jin wanda nake yawo da shi a jikina.

Na mayar da suya sau biyu a mako, sauran na bar wa matar ƙanena. In na dawo, wanka nake fara yi, in ɗaura zanen da ba ya shiga akwatina, wanda ba abin da ya sani sai sabulun wanki. Malam ya leƙo ɗaki ya ce, "Sannu da zuwa, baƙuwa. Matar gidan ta fita ne?" A wani biki kuma wata ta matso ta shinshina ni, ta tambaye ni ko karayar jari na yi.

Kwana huɗu da fara haka yaron ya yi barci a ƙirjina. Na ƙi motsi har ƙafata ta yi tsami, ina sauraron numfashinsa yana fita sumul.

Yanzu shekararsa uku. Lokacin sanyi har yau sai da maganin shaƙa, kuma kasko bai dawo gidana ba. Na rasa kusan rabin masu sarina na Kabo, na rasa ƙamshin da ake gane zuwana da shi. Abin da na samu shi ne yaron da yake kora mini kaji yana ihu har sai na ce ya yi mana shiru. Na sha cin riba a kasuwa, amma wannan ne cinikin da ban nemi ragi ba.