Kafa da Ƙafa

Faɗana da Hanifa 'yar Malam Kailani a gidan suna ya faro. Ina zaune ina cin tuwona lafiya lau, sai Fiddausi maƙwabciyata ta matso da waya a hannu, baki har kunne.

"Inna Ishatu, ashe kin shiga littafi ba ki gaya mana ba?"

"Wane littafi, ni da ban taɓa riƙe alƙalami ba?"

"Na Hanifa mana, wanda take saki a waya. Sunansa Masu Ƙafa. Ga ki nan, Shatu mai waina ta Tudun Wada."

Mata suka kwashe da dariya. Kowa ya san wadda ake ce wa mai ƙafa a unguwar nan: wadda ɗakinta ke mata ƙaiƙayi, yau tana unguwar Kongo, gobe Tudun Jukun, ba biki ba suna. Ni da jika goma sha ɗaya! Na ture kwano na tari keke.

Na same ta a shagonta na Kongo, inda take buga wa ɗalibai takardu.

"Ke 'yar Kailani! Duk matan Zariya ni kika ga ta dace da tambarin yawo? Bayana nan ya goya ki ranar da aka kwantar da uwarki asibiti. Sakayyar ke nan?"

Ta miƙe tsaye. "Inna, wallahi Masu Kafa na rubuta. Kafa, irin a kafa rumfa, a kafa kamfani. Labarin mata ne da suka kafa sana'a da kansu."

Ta jawo takarda ta zana mini abu biyu masu kama da juna. Ta ce ɗaya yana da ƙugiya a ka, shi ne na ƙafa, ɗaya babu, shi ne na kafa. Wai a waya mutane sun saba rubutu ba ƙugiya, don haka kowa abin da ransa ke so yake karantawa.

Na ce, "Ni ƙugiyar da na sani ta ciro guga a rijiya ce. Ki cire ni daga ciki, ko in cire miki ɗankwali a gaban yaran mutane."

Na juya na tafi. Ko ruwan da ta ɗebo mini ban kalla ba.

Bari in faɗi wacece Hanifa, don ban yi mata adalci a ranar ba. Ubanta mai gyaran rediyo ne a bakin titinmu, mutum mai shiru, ita kuma ta fito da bakin mutum uku. Tun tana ƙarama tambaya ce abincinta. In ta zo sayen waina sai ta tambaye ni me ya sa tanda ke da ido bakwai, me ya sa ba takwas ba. Ta yi karatu a Kongo, ta auri Salmanu ma'aikacin gwamnati, ta haifi biyu, amma zama bai kama ta ba.

Ita da ƙawarta Mirabel, 'yar wani malamin asibiti, suka ƙirƙiro wani abu a waya da suke kira manhaja, suka sa masa suna Kwano. Ɗalibi zai danna, matan gida irinmu mu dafa, mai keke ya kai. Ni ce na fara shiga, don na ga yarinyar ba ta da ha'inci. Wata takwas abin ya yi. Ɗaliban nan da suka san bakin ƙofofinmu sai suka daina dannawa, suka riƙa zuwa da kansu. Su biyun suka tafi Abuja wata gasa, aka ba su minti uku su yi bayani a gaban masu kuɗi. Hanifa ta ce mini da ta gama, tambayar farko da wani mai kwat ya yi mata ita ce ko mijinta ya san ta zo. Suka dawo. Mirabel ta samu aiki a Legas, Kwano ya mutu.

Daga nan ta fara rubutu. Kamfanin da ya ƙi tsayuwa a ƙasa, ta ce za ta tsayar da shi a takarda. Ta riƙa zuwa rumfata da hantsi tana tona ni: yaya na fara, wa ya hana ni, wa ya yi mini dariya. Ni na ɗauka hira ce.

Bayan faɗanmu, ba ni kaɗai na taso mata ba. Wata mai ɗinki ta ce ita ma an sa ta a ciki, wata mai sayar da turare ta aika mata da zagi, dangin Salmanu suka yi taro a kanta. Ta daina sakin labarin. In mun haɗu a hanya ta durƙusa ta gaishe ni, in amsa da hanci. Abu ɗaya ne bai yanke ba: tsofaffin takardun shagonta da take aiko mini ina naɗe waina. Fushi daban, takarda daban.

Kusan shekara guda a haka. Wata safiya Fiddausi ta sayi waina, ta buɗe ƙunshin, ta tsaya tana kallon takardar.

"Inna, ai da kanki kika naɗe mini waina."

"Da kaina mana, da wa zan naɗe?"

"A'a, ke ce a jikin takardar. Littafin Hanifa ne."

Na duba ɗaurin da aka kawo mini jiya. Ashe littafin ne gaba ɗaya ta buga, ta haɗo mini da shara. Na riga na sallami mutum kusan ashirin da shi. Na kife tanda, na ce wa Fiddausi ta zauna ta karanta mini abin da ya rage, in ji zagin da kunnena.

Kwana uku muna yi. Akwai mata uku 'yan boko a ciki, masu ofis mai sanyi, suna faɗa da masu kuɗi da Turanci. Waɗannan ban ji su a jikina ba, ko gumi ba sa yi. Amma da aka zo kan Shatu sai na nemi bango na jingina. Ta rubuta shekarar da Malam mijina ya rasu ya bar ni da yara biyar. Ta rubuta tiren da nake ɗauka daga Tudun Wada zuwa tashar jirgi a ƙasa, in dawo, in sake komawa da la'asar. Har faso na diddigena ta sa, da man kaɗanyar da nake cusawa a ciki. Har maganar da ƙanin Malam ya yi, cewa matar gidansu ba ta talla. Babu zagi ko ɗaya. Tun da nake, ba wanda ya taɓa lura da ƙafafun nan sai yarinyar da na je na ci wa mutunci a gaban ɗalibai.

Labarin bai ƙare ba. A tsakiyar magana ya tsaya, Shatu na tsaye a bakin tasha da tire a ka.

Fiddausi ta ce an yi wa Salmanu canjin wurin aiki zuwa Kaduna, jibi za su tashi. Ranar da za su tashi na sa takardun a fanteka, masu maiƙo da marasa maiƙo, na ɗora a ka na tafi a ƙasa. Na tarar ana loda katifu a mota.

"Inna! Sannu da zuwa. Da kin aiko ai da na zo."

"Karɓi kayanki. Ni kika mayar bola?"

Ta leƙa fantekar, ta kau da kai. "Na bar shi, Inna. Na goge na waya ma. Abin da ya ɓata ni da ke, me zan yi da shi?"

"To wa kika bar wa ni a tasha da tire a ka? Shekara guda ina tsaye, wuyana ya gaji."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta ce shafi ashirin sun ɓata. Na ce suna cikin mutanen Tudun Wada, sun ci da waina, ta kira ni a waya in sake faɗa mata, bakina bai mutu ba. Na ce kuma 'yan bokon nan uku ta fito da su daga ofis su sha rana, ai ita da Mirabel ba a zaune suka yi Kwano ba, na ga takalminta.

"Zan sake masa suna," in ji ta. "Don kada a ƙara..."

Direba ya danna ham. Salmanu ya leƙo yana gaishe ni. Na kama hannunta na ɗora mata fantekar.

"Ba za ki sake ba. Abin nan da kika zana mini, mai ciro guga. Ki sa masa da hannunki, babba, yadda ko ni zan gane shi. Ni dai ban ga wadda ta kafa komai a zaune ba. Sa masa ƙugiyarsa, 'yar Kailani, ki sauke mini tiren nan."