Kes Alebachew, Mai Tura Mutum Kogi

Dole a yaba wa dattawan cocinmu. Tun da aka sanar da rasuwar limaminmu, Kes Alebachew, da safiyar Laraba, ashirin da ɗaya ga Janairu, kwana biyu bayan Timkat, bikin tunawa da baftismar Ubangijinmu a kogi, ban ga waɗanda suka iya kuka kamarsu ba. Ato Wubshet, dillalin fata, sai da aka rirriƙe shi kada ya riga gawa shiga kabari. Ni mai sayar da barkono ne a kasuwar Arada. Na san hawayen da yaji ke kawowa, na san wanda idon jama'a ke kawowa. Allah ya ba kowa ladan irin nasa.

Abba, ka tafi yadda kake so. Ka ɗauki Tabot, kwatankwacin Akwatin Alkawari, a ka har bakin ruwa, ka watsa wa rabin Gondar ruwan albarka, ka jiƙa ni da gangan har cikin takalmi, sannan ka koma gida ka kwanta. Ba ka wahalar da kowa da jinya ba, kai da ka wahalar da mu da tambayoyi shekara da shekaru.

Yaran yanzu ba su san Ato Yalew ba, maƙerin nan Bayahude da ke kawo lauje da garma kasuwa kafin mutanensa su tashi zuwa Isra'ila. Al'adarsu ce, in wanda ba nasu ba ya taɓa su, sai sun nutsa a kogi kafin su shiga gida. Mu kuwa muna kauce musu, muna cewa maƙera da masu ginin tukwane mayu ne. Kai kaɗai kake nemansa, kuma sai ranar da sanyi ya fi tsanani. Ka ratso kasuwa ka kama hannunsa da hannu biyu.

"Ɗan'uwana, yaya iyali? Je ka, na yi maka baftisma ba ko sisi."

"Kes, kai ba ka da tausayi," in ji shi. "Ku sau ɗaya a shekara kuke shiga ruwa, har da ganguna da laima. Ni saboda kai kullum nake shiga, ko mai tafa mini babu."

"To ai ku kuka fara. A baftismar Ubangijinmu, wanda ya nutsar Bayahude, wanda aka nutsar Bayahude, kogin ma naku ne. Mu laima kawai muka ƙara."

Sai ku zauna a rumfata ku sha gahawa, shi da kofinsa da yake zuwa da shi a aljihu.

Da Ato Yalew ya tafi Isra'ila, autarsa Tiruwork ta zauna. Ta karɓi baftisma, ɗana ya aure ta, Allah ya ba su 'ya mace. Kwana tamanin na baftismar yarinya ya matso, aka rasa matar da za ta tsaya mata uwa. Wannan ƙafa na ciwo, waccan za ta ƙauye. Ashe Ato Wubshet ne ya bi gida-gida yana cewa duk wadda ta rungumi jikar maƙeri, ta rungumi maita. Ba uwa, ba baftisma. Yarinyar da ba a yi wa ba kuwa, a unguwarmu ba ta da suna a coci, ba ta da miji gobe, ba ta da wurin kwanciya a maƙabarta. Tiruwork ta fara ɗaure kayanta za ta bi mahaifinta da jaririyar, ɗana ya daina cin abinci.

Ban manta yadda ka tare dattawa a ƙarƙashin itacen coci ba. Ba ka ɗaga murya ba.

"Wubshet, me ya sa mace sai kwana tamanin, namiji arba'in?"

"Haka muka tarar, Abba."

"A wurin wa? Kaciyar ɗanka a rana ta takwas fa? Naman alade da ba ka ci? Akwatin Alkawarin da nake ɗauka a ka kana faɗuwa ƙasa, wa ya fara sassaƙa shi?"

"Musa ne," in ji shi, a hankali.

"Musa ɗan wace unguwa ne a Gondar? Kun ari tukunyar mutane, kuna dafa miya a ciki tun kakanni, yau kuma hannun mai tukunyar ne ƙazanta?"

Duk da haka ba wanda ya ba da matarsa ta tsaya uwa. Dattawanmu ba sa faɗuwa a gardama, tari kawai ke kama su. Ranar baftisma sai ga matarka, Woizero Askale, da farin mayafinta, ta miƙa hannu ta karɓi jaririyar. Ka nutsar da ita sau uku, ta tsala ihu, ka ce, "Muryar kakanta ce ranar sanyi." Tiruwork ta kwance kayanta. Yarinyar nan, Mintiwab, ita ce ta riƙe Woizero Askale a bakin kabarinka.

Ato Yalew ya kira ni ta waya daga Isra'ila. Ya ce yanzu ya tabbata ba mai sake tura shi kogi. Ya yi dariya, daga nan ban ƙara gane abin da yake faɗa ba.

Allah ya jiƙanka, Abba. Ya sa ka a ƙirjin Ibrahim da Ishaku da Yakubu, inda na tabbata za ka bi su ɗaya-ɗaya da hannu biyu. Allah ya ba Woizero Askale da 'ya'yanku haƙuri, ya ba Mintiwab, ya ba tsohon maƙerin da ke nesa, ya ba mu.

Da muka dawo daga maƙabarta, na ga Ato Wubshet ya tsaya a ƙofar gidan makoki. Ya ƙi shiga sai da aka zuba masa ruwa ya wanke hannu da fuska, don ya kusanci gawa. Ni barkono na sani, ban san littafi ba. Amma tunda mai tambayar ya kwanta, bari in yi a madadinsa: wannan kuma a wurin wa aka tarar?