Sakatar da Kofur Ya Ƙi Mayarwa

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Mamman, wanda mutanen Ƙaura Namoda suka fi sani da Kofur. A soja aikinsa kula da makamai ne, ba harbi ba. Da ya yi ritaya ya dawo gida, maharban Shinkafi da Zurmi masu lasin suka riƙa kawo masa bindigoginsu ya duba kafin farautar rani.

Ba ƙera bindiga yake yi ba, awo yake yi. Ya taɓa yi mini bayani cewa tsakanin fuskar sakatar bindiga, wato ƙarfen da ke kulle harsashi a ciki, da gindin harsashi akwai 'yar rata da ido ba ya gani. In bindiga ta tsufa ratar ta buɗe, kwanson harsashi na iya fashewa, wutar ta dawo fuskar mai harbi. Yana da wasu 'yan ƙarafa masu siffar harsashi da yake gwadawa da su. Akwai guda wanda in sakata ta rufu a kansa, to bindigar ta gama aiki.

A kan wannan ƙarfen suka ɓata da amininsa Ɗanjuma, maharbi daga garin Dauran. Ina zaune ranar da ya kawo bindigar da ya gada wajen mahaifinsa. Yaya ya saka ƙarfen, ya tura sakata, ta rufu ba gardama. Ya sake, ta sake rufuwa. Sai ya zare sakatar ya jefa aljihu, ya miƙa wa Ɗanjuma sauran.

"Kofur, mi kake nuhi?"

"Wagga ta mutu, Ɗanjuma. Rataye ta a ɗaka ka riƙa tuna Baba."

"Shekaranjiya ni harbi gada da ita!"

"Allah ya tsare ka shekaranjiya. Ban ba ka."

Ɗanjuma ya tafi ko sallama babu. Bai sake taka gidanmu ba sai ranar jana'izar Yaya, inda ya yi kuka kamar yaro. Bai tambayi sakatar ba, ni ma ban tayar da maganar ba. Bayan 'yan shekaru shi ma ya rasu.

Yaya ya bar duniya lokacin da bindiga a ƙasarmu ta gada da zabi ce, sai ɓarawon shanu jefi-jefi. Bai ga lokacin da noman gero ya zama kasada ba. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga samari rataye da bututun ƙarfe da aka ɗaure da waya, wanda ba wanda ya taɓa aunawa.

Tambayar ta same ni har gida shekara uku da suka wuce. Lawali, babban ɗan Ɗanjuma, ya zo bayan an kai hari kusa da su. Magidanci ne mai 'ya'ya, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce sakatar ya zo karɓa. Tana nan cikin akwatin Yaya. Na gaya masa abin da na gani da idona, na ce ba zan ba shi abin da zai makantar da shi ba.

"To Baba, da mi zan tsare gidanmu?"

Abin da na iya kawai, na ce ɗakin Yaya yana nan a kulle, ya kwaso iyalinsa. Bayan girbi suka zo. Gonarsu ta Dauran ta zama daji, shi kuma Lawali yanzu dakon hatsi yake yi a kasuwa.

Ban san ko Yaya zai yanke hukuncin da na yanke ba. Ya hana mutum farauta ne, ni na raba mutum da gonar ubansa. Abin da na tabbata na gada wajensa shi ne iya kallon wanda kake ƙauna ka ce masa a'a, sannan ka zauna da abin da ya biyo baya.

Lawali yana da rai, yaransa suna makaranta. Kowace safiya yakan tsaya ƙofata ya gaishe ni da ladabi, in amsa, ya wuce. Har yau bai ce na yi daidai ba, ni kuma ban tambaye shi ba.

Allah ya jiƙan Yaya Mamman da Ɗanjuma, ya mayar da Lawali gonarsa.