Sallamar da Inna ta amsa a jirgin Abhur

Shekara uku ke nan cur da muka kai mahaifiyata, Hajiya Tabawa, makwancinta a nan Jidda. Mu 'ya'yanta Inna muke ce mata. Duk wanda ya zauna da ita a unguwar Karantina ya san ta da abu biyu: tana da murya, kuma ba ta barin sallama ta faɗi ƙasa. Ko a ƙofar maƙwabta aka yi, in ta ji shiru, daga tsakar gidanta za ta ɗaga murya ta amsa. A wurinta mai sallama addu'a ya yi maka, rashin ta-ido ne ka bar shi tsaye.

Daga Damagaram suka zo aikin hajji ita da mahaifinmu tun tana da ƙuruciya, suka zauna, Karantina ta zama garinta. Da aka rushe unguwar sai na ɗauko ta zuwa gidana a unguwar Safa, a saman bene. Ni a ganina gata na yi mata: ga sanyi, ga lif, ga ruwa ba yankewa. Ashe ban san komai ba. A Safa ƙararrawa ake dannawa, ka buɗe, a miƙo maka saƙo, a juya. Mutanen Karantina kuwa sun watse, kuma Inna ba ta taɓa riƙe lambar wayar kowa ba. Me za ta yi da lamba, alhali katanga ɗaya ce tsakaninta da aminiyarta Hajiya Kande?

Sai Inna ta yi shiru. Matar da ake jin hirarta daga bakin titi ta koma zama kusa da ƙofa tana jan carbi. Wata rana na tarar ta ɗaure kayanta a zane.

"Sani, ka nema mini jirgi in koma gida," in ji ta. "Gidan nan naka ko sallama ba a yi."

Na san yadda takardunta suke: in ta fita, ta fita ke nan, babu dawowa. Kuma wa ya rage mata a Damagaram? 'Yan'uwanta duk sun riga mu gidan gaskiya. Na yi lallashi, na yi ƙorafi, na turo mata manya. Ta ce ta ji, za ta yi mana Ƙaramar Sallah, daga nan halas, wato shi ke nan, sai tafiya.

'Yata Amira ce ta kawo zancen wasan. Ita haihuwar nan ce, Hausa tana shiga kunnenta sarai, amma in ta buɗe baki Larabci ke fitowa. Ta ce akwai wasan kwaikwayo na Sallah da ake yi a cikin jirgin ruwa a Abhur, inda teku ya kutso cikin gari ya yi siriri. Inna ta dube ta sheƙeƙe ta ce, "Wasa a kan ruwa? Ƙasa ta ƙare ne?" Amma da yake ba ta iya yi wa jikarta musu, ta saka sabon zanenta muka tafi bayan la'asar.

Da ta ga ruwan ta ce ai wannan gulbi ne, an dai yi masa ado. Muka hau, jirgi ya ɗan matsa daga gaɓa. A samansa aka jera kujeru, ga dandamali da labule a gaba, yara sai tsalle suke da kayan Sallah. Labarin wani mutum ne da ya daɗe a tafiya bai aiko wa iyalinsa ko gaisuwa ba, sai ga shi ranar Sallah. Iyalin suka haɗa baki kada wanda ya kula shi. Ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, suka yi kamar ba su ji ba. Na ga Inna ta gyara zama. Ya sake yi, shiru. Na ji tana cewa ƙasa-ƙasa, "Kai, waɗannan mutane!" Na dafa hannunta na raɗa mata cewa wasa ne. Ina! Yana yin ta uku Inna ta saki muryar nan ta Karantina:

"Wa alaikumus salam wa rahmatullah! Maraba lale, shigo daga ciki, bawan Allah!"

Amira ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Ɗan wasan, Allah Ya yi masa albarka, ya juyo ya dafa ƙirji ya gode mata da Larabci, ya kira ta khala, wato goggo, sannan ya nuna ta ga iyalinsa na wasa ya ce su gani, ko baƙuwa ta fi su zumunci. Jirgi ya ɗauka da dariya da tafi. Tafin bai gama lafawa ba muka ji wata murya daga kujerun baya, da Hausa tsantsa:

"Tabawa! Wallahi ke ce! Wa zai yi wannan in ba ke ba?"

Hajiya Kande ce. Ashe ɗanta ya mayar da ita unguwar Madain Fahd, ita ma jikoki ne suka jawo ta kallo. Tsofaffin nan biyu suka rungume juna a tsakiyar hanya, kuka suke dariya suke, ana ta ce musu su zauna. Har yau ban san yadda wasan ya ƙare ba, ko an yafe wa mutumin ko ba a yafe ba.

Ban tayar da zancen jirgin Damagaram ba, ita ma ba ta tayar ba. Ranar Juma'a ta kwance ƙunshin kayanta don ta ciro zanen da za ta sa zuwa gidan Kande, ba ta sake ɗaure shi ba. Ta hannun Kande ta gano sauran mutanenta ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na zama direban ziyara. Ta ƙara kusan shekara tare da mu, da muryarta da faɗanta, kuma a hannuna ta cika. Na gode wa Allah da bai sa na ji labarin ta waya ba.

Nakan yi tunanin abin da za ta ce da ta ga yau. In na bi ta inda Karantina take, ko inda gidanmu yake ba na iya nunawa. Gaisuwar Sallah ta koma hoton da ake turawa mutum ɗari a lokaci guda. Na tabbata da an ba ta wayar, sai ta amsa kowanne da baki, ta kuma yi mitar me ya sa ba su jira sun ji amsar ba.

Ba ta bar gida ba, ba ta bar fili ba, zannuwanta ma an rabar. Amma tun daga ranar jirgin nan na daina danna ƙararrawa a gidana. Da makulli a aljihuna nake tsayawa in yi sallama. Yanzu Amira ce ke amsawa daga ciki, da Hausarta mai karyewa, kuma ba ta taɓa rage ko kalma ɗaya ba: "Maraba lale, shigo daga ciki, bawan Allah."

Allah Ya ji ƙan Inna, Ya sa sallamar mala'iku ce ta tarbe ta. Na san ba za ta bar su tsaye ba.