Takalmin Ranar Zaman Lafiya

Yau ake bikin ranar da yaƙin basasa ya ƙare, kasuwar garin Chimoio sai tashin ganguna. Ga wani dogon tsoho a rumfar mai takalma, cikin tsohuwar rigar sojan gwamnati da ta sha guga. Ba shi da ƙafar dama; da gani aikin nakiya ne. Ya gwada warin hagu ya ji daidai, sai ya ɗaga na daman yana ƙwala kira:

"Fabiao, tsohon ɗan tawaye! Zo ga naka!"

Wani gajere ya dogaro sanda yana dariya, shi ƙafar hagu ya rasa.

"Kai Tome! Da ka iya saiti a lokacin, yau wa za ka ba?"

Ga su can sun nufi ganguna kafaɗa da kafaɗa, sabbin takalman na ƙyalli, hagu da dama, kamar na mutum ɗaya.